Ƙanwata Tana Kwance da Ciwon Baifola: Wane Magani Ne Ya Dace da Ita?

Assalamu alaikum. Ƙanwata matar aure ce mai shekara 27 da ɗa ɗaya, kuma yau kwananta shida a kwance a babban asibitin garinmu. Shekara uku da suka wuce, tana cikin jego, ta yi irin wannan rashin lafiya, likita ya ce ciwon baifola ne, ta sha magani na 'yan watanni, da ta samu sauƙi ta daina. Kwanakin baya ta shiga damuwa, ba ci ba walwala, sai wani mai kemis ya ba ta amitriptyline. Bayan 'yan makonni abin ya juye. Ta daina barci amma ba ta gajiya, surutu ba ƙaƙƙautawa, ta sayar da sarƙarta ta gwal ta rabar da kuɗin, tana cewa an zaɓe ta ta gyara duniya, wanda ya yi mata magana kuma sai faɗa. A asibiti an yi mata allurar haloperidol da diazepam. A rana ta biyu wuyanta ya karkace, idonta ya kafe sama, aka yi mata wata allura ya saki, sannan aka mayar da ita kan olanzapine da dare. Yanzu tana barci, amma da ta tashi surutun yana nan. Mahaifiyarmu ta ce maganin asibiti ne ya tayar mata da aljanu, a fito da ita a kai ta wurin malam. Maƙwabciyarmu ta ce ɗanta valproate ne ya yi masa, har ta kawo mana kwali. Ni kuma na karanta a intanet cewa lithium ya fi duka. Ga mijinta yana son ƙarin haihuwa, ga azumi yana ƙaratowa. Wane magani ne ya fi, kuma shin mu nemi a canza mata?

Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Zan rubuta sunayen magungunan kamar yadda suke a jikin kwali domin ki gane su idan kin gani.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kada ku fito da ita daga asibiti a wannan hali, kada ku ba ta ko ƙwaya ɗaya daga kwalin da maƙwabciyarku ta kawo, kuma kada ku matsa wa likita lamba ya sauya magani don kawai an yi kwana shida surutu bai ɗauke ba. Bisa abin da kika zayyana, turbar da aka ɗora ta a kai ita ce wadda likitocin ƙwaƙwalwa suka saba bi da mai irin wannan hali, kuma hukunci na ƙarshe na wanda yake duba ta kullum ne. Nawa shi ne in bayyana miki dalilan zaɓin, yadda idan kin tsaya gaban likitan za ki san abin da za ki tambaya.

Tambayarki ta haɗa aiki biyu da ya kamata a raba su. Ciwon baifola yana da fuska biyu: wani lokaci mai shi ya faɗa cikin matsananciyar damuwa, wani lokaci kuma yanayinsa ya hau sama fiye da kima, abin da likitoci ke kira maniya, wato halin da ƙanwarki take ciki yanzu na rashin buƙatar barci, yawan magana, ɓarnar dukiya, saurin fushi da jin cewa ita wata ce ta musamman. Aiki na farko shi ne a sauko da ita daga wannan hauhawa cikin gaggawa, na biyu kuma a hana ciwon sake tashi bayan ta warware. Abin da ake kashe gobara da shi daban, gyaran wayar da ta haddasa gobarar daban. Maganin da ya yi fice a aiki na biyu ba lallai ne ya zama mafi sauri a na farko ba, kuma a nan ne abin da kika karanta game da lithium ya rikita ki. Gaggawar tana da dalili, domin maniya idan aka bar ta ba magani tana iya ɗaukar watanni, kuma a cikin watannin mutum kan yi asarar abin da ba ya dawowa da sauƙi, dukiya da mutunci da aure, wani lokaci har rai, alhali shi a ganinsa bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar yanzu ba.

A aiki na farko, magungunan da aka fi farawa da su su ne waɗanda ke rage tasirin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda yake da hannu a zumuɗi da kuzari da tunanin da ya kauce wa gaskiya. Haloperidol da olanzapine duk 'yan wannan rukuni ne, haka ma risperidone da quetiapine da aripiprazole, da tsohon nan chlorpromazine wanda aka fi sani da Largactil. A 2011 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 68 da aka yi a kan masu maniya sama da 16,000, aka kwatanta magungunan da juna, sakamakon ya nuna cewa haloperidol da risperidone da olanzapine suna cikin mafi ƙarfi wajen kwantar da ciwon a makonnin farko. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2014, ta ce a fara da ɗaya daga cikin huɗu, haloperidol ko olanzapine ko quetiapine ko risperidone. Idan na farko bai yi ba a gwada wani daga cikinsu, idan har lokacin ba a samu biyan buƙata ba sai a ƙara lithium a kai. Kin ga ke nan likitanku bai yi wa ƙanwarki rowar magani mai kyau ba.

Haloperidol yana da araha, ana samunsa kusan ko'ina, kuma akwai shi a allura, abin da ke da muhimmanci ga maras lafiyar da ta ƙi haɗiyar ƙwaya tana ganin lafiyarta ƙalau. Illarsa ita ce abin da kuka gani a rana ta biyu, kuma ina so in tsaya a kanta, domin ita ce ta fi firgita iyaye, ita ce kuma ta fi sa a ɗauke maras lafiya daga asibiti ba da sallama ba. Wuya ya murɗe gefe guda, ƙwayar ido ta tafi sama ta kafe, muƙamuƙi ya ƙage ko harshe ya zazzago waje, miyau yana dalala, ga mutum yana ji yana gani, yana jin zafin, amma ya kasa furta magana. Uwar da ta ga 'yarta a haka ta ce iska ce, ban ga laifinta ba. Sai dai tsokoki ne suka ƙage saboda maganin ya toshe dofamin a sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita motsin jiki. Abin ya fi samun matasa, ya fi zuwa a kwanakin farko, kuma hujjar tana hannunku, tunda allura ɗaya aka yi mata ya saki. Yana zama haɗari ne idan ya kama maƙogwaro har numfashi ya yi wuya, shi ya sa zamanta kusa da ma'aikatan jinya ya fi zamanta a gida. Ki tabbata an rubuta a katinta cewa haloperidol ya taɓa yi mata haka, domin duk likitan da zai duba ta nan gaba ya sani. Idan kuma an rubuta mata benzhexol, wanda ake kira Artane ko Exol, don hana ƙagewar, a adana shi a kulle, domin yana cikin ƙwayoyin da samari ke shaye-shaye da su.

Akwai wata illa ta wannan rukuni da 'yan jinya kan ɗauka ƙaruwar ciwo ce. Maras lafiya ta kasa zama wuri ɗaya, ta dinga kai-komo tana cewa ƙafafunta ba sa barinta ta huta, ko tana jin wani abu a cikin jikinta yana ingiza ta. Idan kuka gaya wa likita cewa ciwo ya ƙaru, yana iya ƙara maganin, abin ya daɗa lalacewa. Idan kuka maimaita masa kalmominta yadda ta faɗa, zai gane maganin ne, ya rage ko ya sauya. Abin da kuma ba a jira wa gari ya waye shi ne zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki gaba ɗaya, gumi da ruɗewa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa, kuma a kira ma'aikacin jinya nan take.

Olanzapine da aka mayar da ita a kai ba ya yawan kawo ƙagewa, kuma yana sa barci, wanda a maniya babban ci gaba ne, tunda rashin barci yana ƙara wa ciwon ƙarfi. Tasa illar a hankali take shigowa. Yana buɗe ciki sosai, mutum ya yi ta ci, ƙiba ta taru cikin 'yan watanni, suga da kitsen jini su hau. A wurinmu akan ga maras lafiya ta yi jiki a ce ai ta murmure, saboda haka ba a kai ƙorafi da wuri. Ki roƙa a auna nauyinta da sugan jininta yanzu, a sake aunawa bayan wata uku, musamman idan akwai masu ciwon suga a gidanku. Risperidone yana iya ɗauke al'ada ko ya sa nono ya kawo ruwa ba tare da shayarwa ba, har a zaci ciki ne. Quetiapine yana sa barci da jiri, kuma yana da amfani a ɓangaren damuwa ma. Aripiprazole ba ya sa ƙiba sosai, amma ya fi kawo rashin iya zama wuri ɗaya. Largactil yana sa jiri idan aka miƙe tsaye da sauri, yana kuma sa rana ta ƙona fata. Diazepam kuwa ɗan taimako ne na 'yan kwanaki don a samu barci da natsuwa kafin babban maganin ya kama. Ba ya warkar da maniya, kuma idan aka daɗe a kansa jiki yana sabawa ya kasa rabuwa da shi.

Game da kwana shida da kike ƙirgawa, sauƙin maniya yakan zo ne daki-daki. Barci ne ke fara dawowa, sannan faɗa da tashin hankali su ragu, sannan magana ta yi sanyi har a iya katse ta a yi mata tambaya ta amsa, sai daga baya maganar an zaɓe ta ta gyara duniya ta fara dusashewa. Yarda da cewa ba ta da lafiya shi ne yakan zo a ƙarshe. Ƙanwarki ta taka matakin farko. Likitoci sukan ba magani mako ɗaya zuwa biyu a kan adadin da ya dace kafin su ce ya yi ko bai yi ba, cikakken sauƙi kuma yana iya ɗaukar makonni da yawa. Taimakon da za ki yi shi ne ki riƙa rubuta awa nawa ta yi barci kowane dare, ko ta ci abinci ta sha ruwa, da ko ana iya hira da ita ta minti biyar ba ta kauce ba. Wannan takardar ta fi amfani ga likita a kan a ce masa jiki da sauƙi ko jiki ba sauƙi.

Kada ki manta da kwalin amitriptyline. Ki kai wa likitan shi ya gani da idonsa, ki gaya masa tsawon lokacin da ta sha. Maganin damuwa idan aka ba mai baifola shi kaɗai, ba tare da wani maganin da ke riƙe yanayi ba, yana iya juyar da ita daga damuwa zuwa maniya, kuma tsofaffin magungunan damuwa irin amitriptyline sun fi yin haka. Dakatar da shi yana cikin matakan farko na jinya. Ki binciki ɗakinta ko akwai tramadol, ko ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayar wa mata waɗanda sau da yawa dexamethasone ne a ciki, domin su ma suna iya tayar da irin wannan ciwo. Ki kuma tambaya ko an yi mata gwajin ciki da gwajin tayirod, halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, tunda yawan aikinta yana iya kama da maniya.

Yanzu ga lithium, kuma abin da kika karanta yana da gaskiya a ciki. Wani likita ɗan Ostireliya mai suna John Cade ne ya bayyana amfaninsa ga masu maniya a 1949, kuma har yau shi ne kan gaba wajen hana ciwon dawowa, yana kuma rage haɗarin mutum ya kashe kansa, abin da ba kowane magani aka tabbatar yana yi ba. Amma a tsakiyar hauhawa mai tsanani yana da cikas. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, babu shi a allura, kuma yana buƙatar maras lafiyar da ke ci tana sha a kan kari, ta yarda a ɗebi jininta. Mace da ta kwana bakwai ba barci, ba ta damu da ruwa ba, tana faɗa da kowa, ba ita ce za a fara wa lithium a ranar farko ba.

Babbar matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙarama ce ƙwarai. Ana so awonsa a jini ya kasance tsakanin 0.6 da 1.0, kuma da zarar ya haura 1.5 an shiga haɗari. Saboda haka ana ɗibar jini awa 12 bayan shan na ƙarshe, kimanin mako ɗaya bayan an fara ko an sauya adadi, ana maimaitawa har ya daidaita, sannan duk wata uku, tare da gwajin ƙoda da na tayirod duk wata shida. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, kuma tana tafiyar da shi ne tare da gishiri. Duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ƙoda tana riƙe lithium ya taru. Ki duba rayuwarmu ta yau da kullum: zafin watan Afrilu da gumi, gudawa da amai, zazzaɓin cizon sauro, ga ibuprofen da diclofenac da kowa ke saye a kemis don ciwon mara ko ciwon jiki, ga magungunan hawan jini irin lisinopril da masu sa fitsari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗaga awon. Paracetamol ba ya yin haka. Alamomin guba su ne karkarwar hannu mai ƙarfi, amai da gudawa, tangaɗi a tafiya, sarƙewar harshe da ruɗewa. Wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya garzaya asibiti, domin jinkiri yana iya lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Don haka abin tambaya a gidanku shi ne ko akwai inda ake wannan gwaji kusa da ku, tunda ba kowane asibiti ke yinsa ba, da ko za ku iya ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru. Ra'ayina shi ne, idan za ku iya, ki tayar da maganar lithium da likitan lokacin da ta fara dawowa hayyacinta, domin wadda ciwo ya tasar mata sau biyu cikin shekara uku tana buƙatar magani mai ɗorewa. Idan ba za ku iya ba, ci gaba da olanzapine ko ɗan uwansa ana lura da nauyi da suga ya fi lithium da ba a aunawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma halin ƙanwarki da dole a yi la'akari da shi: ta taɓa ajiye magani da kanta, lithium kuwa idan aka yanke shi kwatsam yana jawo ciwon ya dawo da sauri fiye da idan aka janye shi a hankali.

Valproate, wanda aka fi sani da Epilim, asalinsa maganin farfaɗiya ne, kuma gaskiya ne yana aiki a maniya. Ban yi musun cewa ya yi wa ɗan maƙwabciyarku ba. Amma ɗanta namiji ne, ƙanwarki kuwa mace ce mai shekara 27 da miji yake son ƙarin haihuwa, kuma wannan bambancin shi ne komai. Daga cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha valproate da ciki, kimanin 10 ake haifa da nakasa a halitta, kamar buɗewar ƙashin baya, tsagewar leɓe ko ganɗa, da matsalar zuciya, alhali a sauran jama'a 2 zuwa 3 ne. Bayan wannan, 30 zuwa 40 daga cikin 100 sukan samu jinkiri a magana, tafiya ko fahimtar karatu. Ƙashin bayan jariri yana rufewa ne a cikin watan farko, sau da yawa kafin mace ta san ta ɗauki ciki, saboda haka dabarar a ce za a daina idan ciki ya shiga ba ta tsare komai. Wannan ne ya sa tun 2018 Ingila ta hana ba matan da ke iya ɗaukar ciki shi sai da tsayayyen tsarin hana ɗaukar ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kansa. Ki mayar wa maƙwabciyarku kwalinta da godiya, tunda da kyakkyawar niyya ta kawo. Idan wata rana wani likita ya rubuta wa ƙanwarki shi, ki tuna masa shekarunta da maganar haihuwa kafin a saya.

Carbamazepine, wato Tegretol, shi ma maganin farfaɗiya ne da ake amfani da shi a maniya, kuma araharsa ta sa ana yawan rubuta shi. Yana da illa ga ɗan tayi, ko da bai kai valproate ba, yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu, yana rage ƙarfin olanzapine da haloperidol a jiki, kuma duk ƙurji ko saɓar fata da ciwon baki a makonnin farko dalili ne na komawa asibiti a ranar. Lamotrigine yana taimakawa wajen hana damuwa dawowa, amma ba ya kwantar da maniya. Idan magunguna suka gaza, ko rai ya shiga haɗari saboda ƙin ci da sha, akwai jinyar da ake yi da ɗan ƙaramin lantarki a kai bayan an sa mutum barci. Sunanta yana ba da tsoro, amma tana aiki da sauri, ana yi wa masu ciki ma, babbar illarta mantuwa ce wadda yawanci takan wuce. Ƙanwarki ba ta kai nan ba. Idan asibitinku ba shi da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, kuna da damar neman takardar tura ku zuwa inda suke, kamar asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa.

Maganar Mama kuwa, kada ki mayar da ita gardama tsakanin asibiti da malam, domin idan aka kai nan uwa ce za ta yi nasara, ƙanwarki ce za ta yi asara. Addu'a ba ta buƙatar a sallami kowa. Mama tana iya zama bakin gado ta yi mata tofi, a yi sadaka, a roƙi Allah, magani yana ci gaba. Abin da ba za ku yarda da shi ba shi ne a yanke magani, a ɗura mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko a kai ta inda ake ɗaure mutane da mari ana dukansu. Ki roƙi likitan ko babbar ma'aikaciyar jinya su zauna da Mama su yi mata bayanin karkacewar wuyan da bakinsu, domin abin da ba za ta karɓa daga 'yarta ba tana iya karɓa daga gare su. A rage 'yan dubiya kuma, a karɓi wayarta da katin bankinta na ɗan lokaci, tunda hayaniya da yawan hira suna hana saukowa.

Bayan sallama, abin da ya faru shekara uku da suka wuce shi ne abin tsoro, wato ta ji sauƙi ta ajiye magani. A samu mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa ba ta yana gani ta haɗiye, a kulle ragowar, domin bayan maniya sau da yawa damuwa tana biyowa, ta tuna sarƙar da ta sayar da maganganun da ta yi a gaban surukai, kunya ta rufe ta. Duk maganar gajiya da rayuwa a wannan lokacin a kai ta asibiti, kuma kada a koma kemis neman maganin damuwa. Idan shan ƙwaya kullum ya gagara, akwai allurai na wannan rukuni da ake yi duk mako biyu ko duk wata. Azumi kuma, wadda ke cikin wannan hali maras lafiya ce, kuma Suratul Baƙara aya ta 185 ta ba maras lafiya damar ramawa daga baya. Ko ta warware kafin watan ya kama, sai da shawarar likita, domin raba dare da tashin sahur suna karya barcin da aka sha wahala kafin a dawo da shi, ƙishirwar yini kuma haɗari ce ga mai shan lithium. Olanzapine da ake sha sau ɗaya da dare ba ya cin karo da lokacin azumi, amma kada kowa ya haɗa na safe da na dare ko ya tsallake wani da kansa.

Saura maganar haihuwa, wadda ya kamata mijinta ya ji daga bakin likita. Ciwon baifola ba ya hana ta ƙara haihuwa, amma cikin da za ta ɗauka nan gaba sai an shirya masa. Ta fara samun watanni masu yawa tana lafiya, su je wurin likita tare kafin ta ɗauka, a zaɓi maganin da za ta zauna a kai, domin yanke magani gaba ɗaya saboda ciki shi ma babban haɗari ne. Olanzapine da quetiapine suna cikin waɗanda ake ci gaba da su da ciki da shayarwa, ana lura da suga. Lithium yana ɗan ƙara yiwuwar matsalar zuciya ga jariri, wajen 2 cikin 100 maimakon wajen 1, yana buƙatar gwajin jini akai-akai, yana kuma shiga nono, saboda haka hukuncinsa na ƙwararre ne. Kafin lokacin tana buƙatar hanyar tazara da ba ta dogara da tunawa kullum ba, kamar allura ko robar mahaifa, kuma ɗaukewar al'ada saboda magani ba ta nufin ciki ba zai shiga ba. Tunda ciwonta na farko a jego ya tashi, makonnin farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari a gare ta, don haka tun kafin ta sauka a tsayar da wadda za ta riƙa karɓar jariri da dare ita ta samu barci, a kuma sanar da likitan ƙwaƙwalwarta watan haihuwar domin ya gan ta a cikin kwanakin farko.